Musayar waƙa: Baba Saja na Kaltungo ya koma gida

Jikar Saja:
Salama gare ku 'yan zaure. Kakana Baba Saja ya rasu ranar Talata, jiya Asabar muka kai shi makwancinsa a Kaltungo, shekararsa 94. Tun jiya nake son rubuta wani abu hannuna na rawa, ga abin da ya samu, don Allah ku ɗora kar ku bar ni ni kaɗai

Baba ka tafi, gida ya yi mana faɗi,
Kujerarka a gindin darbejiya ba kowa.
Takalmin da kake gogewa daren Asabar,
Yana nan ƙofar ɗaki babu mai sawa.
Kai ke ƙwanƙwasa ƙofa tun da asuba,
Yau wa zai tashe mu addu'a da rerawa?

Ɗan Billiri:
Sannu ƙanwata, Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Soja ne tun Turawa ba su tafi ba,
A difo na Zariya ya koyi takawa.
A shekarar 1960 aka kwashe su zuwa Kwango,
Ƙasar da ba dangi, ba yaren gaisawa.
Ya dawo bai huta ba basasa ta tashi,
Wata talatin wuta ba ta lafawa.
Ɗan Tangale ne, dutse ne ya haife shi,
Irinmu ba mu san hanyar gujewa.

Sarkin Kari (Bauchi):
Allah ya ba ku haƙuri 'yata, baitocinki sun taɓa ni. Amma Ɗan Billiri tsaya, ɗangonka na uku me ke nan? ka ɗauko 1960 ka cusa a tsakiya kamar an ɗora buhun masara biyu a keke, karanta da baki ka ji yadda karin ya karye

Ba a auna gaɓa da igiyar guga,
Ɗango ɗaya nan kusa, ɗaya ya kai Dadin Kowa.
In tarihi ne, ɗauki alli ka je aji,
Nan zauren kari ne da rerawa.

Ɗan Billiri:
Malam ana makoki kana ƙirgar gaɓa,
Kamar mai awon gero a gidan gawa.
Shekarar da na faɗa ba ƙarya cikinta,
Kai kawo taka ɗaya in da iyawa.
Tun 1996 Gombe ta bar muku Bauchi,
Har yau kuna bin mu da jan biro, Bausawa.

Gimbiyar Tula:
Kai Ɗan Billiri ka gama magana wallahi, a ba Malam ruwa ya sha. Mu dai Gombe ta Kudu ba a taɓa namu mu yi shiru

Yaron Wunti:
Gimbiya kina tafi don na gida ne,
Ko gurgu ya yi rawa kya ce da burgewa.
An ce ya cire shekara ya ƙaro wata,
Wannan ba waƙa ba ce, kalandar ratayewa.

Gimbiyar Tula:
Yaro koma Wunti ka sayo mana masa,
Manya na magana ba ka da wurin tsayawa.

Sarkin Kari (Bauchi):
Ba raini na yi ba, kuma ba maganar jiha ba ce. Mutumin da ake wa waƙar nan soja ne, rayuwarsa duk hagu dama ce, ƙafa ɗaya ba ta riga ɗaya, to ya za a yi a raka shi da baiti mai ɗingishi? Abin da na ce ke nan kuma ban janye ba.

Mama Zumunta:
Kai 'ya'yana ya isa haka, yarinya ta ce ku taya ta kuka kun koma faɗan gari. Ni ban san kari ba, amma Baba na san shi tun ina amarya, dattijon ikilisiyarmu ne na ECWA shekaru da yawa. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka koyi karatu wurin 'yan mishan na SIM da suka zo ƙasar Tangale a 1917, shi ya ba shi Littafi Mai Tsarki na Hausa tsohon juyin nan na 1932, Baba ya ɗinke masa riga da fatar akuya, da shi ya je Kwango da shi ya dawo, har gefen takardun sun yi baƙi saboda yatsa. Ga nawa ko ya yi ɗingishi ku bar shi

Shekara sittin da biyar da mace ɗaya,
Ba mu taɓa jin muryarsa ta haura katanga ba.
Da ƙafar Kaka ta ƙi, shi ke ɗebo ruwa,
Maza na dariya bai taɓa waiwayawa ba.
'Ya'ya tara ya sa makaranta da fanshon da ba ya zuwa kan lokaci,
Ya kwana a layin tantancewa bai zagi kowa ba.

Yaron Wunti:
Mama a gafarce mu. Malam kai ma ka ga ɗango na biyar ɗin nan amma ka yi shiru ko

Sarkin Kari (Bauchi):
Na gani. Na Mama ba a taɓa shi.

Audu Tela:
Ku yi haƙuri sai yau Talata na shigo, ina gidan makoki ne waya ma ban riƙe ba. Da yawanku ba ku san ni ɗan gidan ba ne. Mahaifina Musulmi ne mutumin Dukku, tare suke da Baba a bataliya ɗaya, ya rasu wajen ƙetare kogin Kwara za su shiga Anaca a 1967, ina shekara huɗu. Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 Baba ya nemo mu har gida ya tarar mahaifiyata ma ta rasu, kakata ta miƙa masa ni

Ya kai ni makarantar allo da hannunsa,
Ya ce addinin ubanka ba na canzawa.
Da azumi shi ke bugun ƙofa da sahur,
Kaka ta dama kunu tun kafin wayewa.
Lahadi su tafi sujada in yi gadin gida,
Juma'a ya ba ni sule, ya ce kar ka makara zuwa.
Kuɗin sallamarsa ya saya min keken ɗinki,
Shi nake takawa har yau ina ci da sawa.
Sau ɗaya na ce Baba yaya ubana ya mutu,
Ya cire hula ya yi shiru har rana ta kai faɗuwa.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, ni nake goge masa kakin 'yan mazan jiya in ɗaura masa lambobinsa, bana da ƙyar ya tsaya amma sai da ya sara.

Ɗan Billiri:
Yaya Audu ka sa ni hawaye a shago gaban mutane. Malam ga shi nan, ƙirga mana gaɓar wannan

Sarkin Kari (Bauchi):
Na ajiye biro, Audu ka fi mu,
Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ku jurewa.

Ɗan Billiri kai kuwa naka yana nan yana jiran gyara.

Jikar Saja:
Na gode muku duka, na karanta wa Kaka tun daga farko har ƙarshe, wurin faɗan Bauchi da Gombe ne ta fara murmushi tun ranar Talatar can. Kawu Audu ta ce ka biyo da yamma kafin ka wuce shago, Littafin za a ba Baba Ƙarami, takalmin da lambobin kuma ta ce naka ne.