Kyamarar marigayi Baba: in nemi batir ko in sallama?

Autan Gida: Assalamu alaikum. Na gaji kyamara Olympus OM-1 ta marigayi mahaifinmu. Tana ɗauka, amma allurar da ake gani in an leƙa ko motsi ba ta yi. Wani ya taya ₦45,000. Bikin 'yar'uwata saura wata guda, kuma da kyamarar aka ɗauki Umma ranar nata auren. Ya zan yi?

Bazazzagi: Allah ya jiƙan Baba. Batir 4LR44 za ka saya, tawa ba ta ko tari sai da shi.

Tsohon Mai Hoto: Yaro, taka Canon AE-1 ce. OM-1 tana ɗauka ba batir, mitar haske, wato allurar nan, kaɗai ke cin sa. PX625 ne, na zaiba, 1.35V, an daina yin sa tuntuni. Auta, maɓallin da ke sama na ASA ne, wato lambar ƙarfin fim wajen kama haske. Saurin ƙiftawa yana zoben gindin gilashi.

Maman Biyu: Don Allah kar ka bari a sa maka mai 1.5V. Wani mai gyara ya rantse mini duk ɗaya ne. Mita ta riƙa nuna haske ya isa alhali bai isa ba. Sunan 'yan biyuna, hoto 36, duk suka fito dulum. Kakarsu na riƙe da su a ciki, bayan wata biyu ta rasu. Da na koma, cewa ya yi wai hannuna ne.

Ɗan Kwari: Hajiya, ko haƙora ba su fito ba? 😂

Maman Biyu: Ba abin dariya ba ne.

Injiniya: Batirin na'urar ji, lamba 675, 1.4V ne, ya fi kusa. Ƙarami ne, sai an yi masa ciko, kuma in ka ɓare takardarsa 'yan watanni yake yi. ₦3,000 na sayi fakiti.

Bazazzagi: A wace kasuwa? ₦8,000 na biya. Kuma dubu 45 ɗin nan ƙwace ne, kyamarar ta fi dubu 120.

Ɗan Kwari: Kai da ba ka san batirinta ba?

Tsohon Mai Hoto: Ku bar batir. Rana tsaka, buɗin gilashi f/16, fim mai ASA 200, saurin ƙiftawa 1/250, shi ke nan.

Injiniya: Baba, biki a zaure da dare fa?

Tsohon Mai Hoto: Ina wanke fim ba a haife ka ba.

Maman Biyu: To yanzu wa ma ke wankewa? Na aika fim biyu Legas tun kafin azumi, har yau "gobe".

Bazazzagi: Ke ma? Nawa sun dawo duk ƙarce, kuma sai da na biya kuɗin mota sau biyu.

Autan Gida: Jama'a, mai sayen yana ta kira fa.