“Jabu ne”: rigimar batir a zauren 'yan unguwa

Ɗan Sahu: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina, mai jin haushi ya ji. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ake hure mana kunne da abin hawa mai caji. Na tattara ɗan abin hannuna na sayi babur mai batir a wani shago, mai shagon har da rantsuwa wai awa biyu ya cika, wai sai in je Wudil in dawo ban waiwaye shi ba. Wallahi kwana yake a jone, da safe in kai yara makaranta in biya Yankaba, kafin azahar ya fara ƙifta min jar wuta. Yanzu kuma ga bidiyo na yawo, wai mota ta sha cajin kilomita 400 a minti 5. Ƙarya ce tsagwaronta. Duk batiran nan na China jabu ne, masu yaɗa su kuma 'yan kamasho ne.

Na Kwari: Wa alaikumus salam. Ka janye kalmar jabu tukuna, sai mu yi magana.

Ɗan Sahu: Ba zan janye ba, Alhaji. Kuɗina ne ya ciwu.

Na Kwari: Kuɗinka ya ciwu don ka bi araha. Mu da muke zuwa Guangzhou mun san kowane kaya hawa-hawa ne, akwai na ɗaya akwai na uku, abin da ka biya shi za a ɗora maka. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Wayar da kake zagin China da ita a ina aka haɗa ta?

Oga Bakanike: Alhaji ka bar yaro ya faɗi gaskiya. Kullum sai an kawo min kayan gyara daga Ƙofar Ruwa, kwali mai ƙyalli, ka ɗaura yau jibi ya mutu. In wannan ba jabu ba ne a faɗa min sunansa.

Na Kwari: Sunansa mai araha. Jabu shi ne a maƙala sunan wani kamfani a kan kayan da ba nasa ba.

Oga Bakanike: To ai shi na ce.

Na Kwari: Ba shi ka ce ba.

Malamar Kimiyya: Baffanni, ku yi min uzuri in sa baki. Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai yawan wutar da batir ke iya ajiyewa, ana auna shi da kilowat-awa, akwai kuma saurin da wutar ke shiga, shi ne kilowat. Bidiyon ba ƙirƙira ba ne. Kamfanin BYD na China ne ya nuna tsarin a Maris 2025 a motocinsa Han L da Tang L, caja mai kilowat 1,000. Amma ba su ce batirin ya cika a minti 5 ba, cewa suka yi an ƙara tafiyar kilomita 400, kuma da ma'aunin gwaji na China, wanda yakan ba da lamba fiye da abin da direba zai gani a titi da na'urar sanyi a kunne. Shi kuwa soket ɗin ɗakinka, Yaya, iyakarsa wajen kilowat 3. Ko motar ce aka ba ka kyauta mai batir kilowat-awa 60, ka jona ta a nan, awa 20 za ta yi.

Ɗan Sahu: Ka ji ko! Awa 20. Ba na faɗa ba?

Malamar Kimiyya: Yaya, ba goyon bayanka na yi ba fa. Laifin soket na faɗa, ba na batir ba.

Ɗalibin BUK: Duk wannan surutun don ba ku san Tesla ba ne, kamfanin motoci masu batir na Amurka. Tun Satumbar 2020 suka fito da ƙwayar batir 4680, wato ɗaya daga ƙananan batiran da ake jerawa su zama batirin mota, faɗi milimita 46 tsawo 80. A tsohuwar ƙwaya wuta ta wani siririn harshe take fita, shi ya sa take ɗaukar zafi. Su suka cire harshen, duk gefen naɗin ya zama hanya. 'Yan China kwafa kawai suka iya.

Na Kwari: Yaro, Tesla ɗin taka a wajen wa take sayen batirin ƙananan motocinta Model 3 da ake haɗawa a Shanghai? A wajen CATL. Kamfanin China ne, kuma babu wanda ya kai shi yin batirin mota a duniya. Je ka tambayi malamanka.

Ɗalibin BUK: Saye daban, ƙirƙira daban, Alhaji.

Malamar Kimiyya: Ƙanina, bayanin harshen nan daidai ne, hanya ta gajarta zafi ya ragu. Sai dai ƙwaya in ta yi kauri fitar da zafi daga tsakiyarta ya fi wuya, kuma waɗanda suka gwada motocin farko masu 4680 ba su ga cajinsu ya fi na tsohuwar ƙwayar 2170 sauri ba. BYD wata hanya suka bi a 2020 da batirin Blade: ƙwayoyi dogaye sirara, a jera su kai tsaye cikin akwatin, wurin da ake ɓatawa da ƙananan akwatuna ya koma na ajiyar wuta. Sinadarinsa LFP ne, babu kobalt babu nikel. Bai kai NMC, mai nikel da manganis da kobalt, ɗaukar wuta a nauyi ɗaya ba, amma ya fi shi jure yawan caji, ya fi shi wuyar kamawa da wuta. Wannan ba kwafar Tesla ba ce.

Ɗalibin BUK: Anti ke ma kin koma ɓangarensu.

Bazazzagi: Ni dai daɗin kallo nake ji. Kanawa ana rigimar minti 5, alhali tun la'asar ta jiya rabon layinku da wuta. Ku zo Zariya mu ara muku.

Oga Bakanike: Kai da wa ya sa da kai? Ka biya kuɗin taransifoma tukuna, shekara nawa kana haya a layin nan.

Bazazzagi: Na biya wallahi, a hannun Alhaji na ba da.

Na Kwari: A hannun wa? Ka ji tsoron Allah. Rabi ka kawo ka ce sai albashi.

Oga Bakanike: Ai dama lissafin kuɗin nan har yau ba a karanta mana shi ba. Gida-gida aka bi aka karɓa, mai aka ce za a zuba a canza fis, ga shi ko fanka ba ta juyawa da daddare.

Na Kwari: Oga, in zargina kake ka fito fili. Rasit yana nan a shago.

Oga Bakanike: Ban kira suna ba.

Malamar Kimiyya: Tun da an taɓo taransifoma: irin na unguwanni da yawa 300 ne ko 500 kVA, wato kusan kilowat 300 ko 500. Caja ɗaya ta bidiyon nan, in tana aiki da dukkan ƙarfinta, ta ninka babban sau biyu. Wutar da ake rabawa ƙasar nan gaba ɗaya yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Caja ɗaya kuwa megawat 1 ce, ku yi lissafin da kanku. Kuma ko a can, saurin ba ya ɗorewa har ƙarshe, yana ja baya, musamman daga kashi 80. Kamar masallacin Juma'a ne, na farko kowa ya shiga ya sami sahu, na ƙarshe sai sun bi suna neman 'yar kafa, in aka tura su da ƙarfi a yi ɓarna. Shi ya sa Hyundai ma da suke tallar motarsu Ioniq 5 suke cewa daga kashi 10 zuwa 80 a minti 18, ba su cewa zuwa 100.

Ɗan Sahu: Ni fa tambayata ɗaya ce, me ya sa nawa yake mutuwa kafin azahar?

Mai Sola (Admin): A ina kake ajiye shi?

Ɗan Sahu: Ƙofar gida.

Mai Sola (Admin): A rana kenan. Zafin Afrilu a garin nan yana haura digiri 40, ka dawo batir na huci ka jona shi nan take. Motar Nissan Leaf ta farko ma da ba ta da ruwan sanyaya batir, haka zafin Arizona ya cinye mata shi a Amurka. Kuma ka buɗe ka duba, da yawa ana cewa litiyam alhali na dalma ne a ciki. Ɗaga shi ka ji nauyi.

Ɗan Sahu: In na dalma ne aka ce min litiyam, ba jabu ba ne kenan?

Oga Bakanike: Allahu Akbar! Alhaji sai ka amsa.

Na Kwari: Wanda ya yi maka ƙarya a shago Bakano ne ɗan uwanka, ba ɗan China ba. Ka kira shi da sunan da ya dace da shi ka ƙyale mutane.

Bazazzagi: Alhaji ya faɗa da bakinsa, a rubuta.

Hajiya Mai Abinci: Don Allah ku bar mu mu yi barci, saƙo sai shigowa yake. Wanda ya ɗauki kulata a wajen sunan nan ya dawo min da ita.

Mai Sola (Admin): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Kowa ya yarda batirin LFP shi ne mafita, kamar yadda Malama ta tabbatar. An kuma yarda wutar layi ba abin dogaro ba ce, sai sola, ai tashar cajin da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabancinta, da hasken rana take aiki. Masu kare fetur ba su kawo hujja ko ɗaya ba. Maganar jabu an janye ta. Mai son a duba masa batir ko a haɗa masa inbata ya same ni ta gefe, akwai ragi ga 'yan unguwa.

Malamar Kimiyya: Yallabai Admin, ban ce mafita ba, kuma ban ambaci sola ba.

Ɗan Sahu: Yaushe na janye?

Oga Bakanike: Wa ya kare fetur a nan? Kuma maganar kuɗin taransifoma fa, ka tsallake ta.

Mai Sola (Admin): Wannan sai taron Lahadi bayan isha'i a ƙofar gidan Mai Unguwa, Alhaji ya zo da rasit. Na rufe zauren sai da safe.