Ina son karanta injiniyancin injina, amma an ce mini kanikanci ne kawai

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Na gama sakandare, kuma injiniyancin injina nake son karantawa a jami'a. Duk abin da yake juyawa ina son in kwance shi in ga cikinsa: janareta, fanka, injin ban ruwa. Amma yayana ya ce in dai wannan ne, gara in wuce gareji kai tsaye, tunda ƙarshenta bakanike zan zama. Ga shi lissafina tsaka-tsaki ne. Don Allah waɗanda suka yi karatun, me ake koyarwa, kuma wane aiki ake samu?

Injiniyan masana'anta:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kanikanci sana'a ce mai daraja, na san makanikan da daga jin ƙarar inji za su gaya maka inda ciwonsa yake. Aikin injiniya kuwa shi ne ya san dalilin da zai sa abu ya lalace, ya lissafa shi tun yana kan takarda.

Ɗauki bututun ƙarfe mai tsawon mita 10. In tururi ya bi ta cikinsa zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙara tsawo da kusan milimita 12. Ka ɗaure bakinsa biyu tam ba tare da ka bar masa wurin miƙewa ba, to ko ya lanƙwashe ko walda ta tsage. Shi ya sa kake ganin an yi wa bututun masana'anta gwiwa-gwiwa a tsakiya.

Akwai kuma gajiyar ƙarfe. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta karye, alhali ba ka ja ta da ƙarfi ba. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila suka tarwatse a sama. Masu bincike suka saka gangar jikin jirgi cikin ƙatuwar tankin ruwa, suna matsa shi suna saki, har tsaga ta ɓullo daga kusurwar wata taga. Abin da aka koya daga nan yana cikin darasin da za a yi maka kan ƙarfin kayan ƙira.

Ni aikina kula da injina ne. Boris ɗin famfo ya yi zafi, sabon yaro zai ce a sauya shi. Ni sai na tambaya me ya kashe shi. Sau da yawa shaf, wato sandar da take juyawa, na injin da ke juya famfon da na famfon kansa ne ba su daidaita ba, ko an cika masa giris fiye da ƙima. In ba a gano wannan ba, sabon ma ba zai daɗe ba. Wurin aiki kuwa akwai: tashar wutar lantarki, matatar mai, masana'antar siminti, jiragen ruwa, kamfanonin ƙera motoci da injinan noma.

Injiniya mai zanen na'urorin sanyaya gini:
Ƙanena, ni maganar lissafin ce ta tsaya mini, kuma ba zan ɓoye maka ba: shi ne ƙofar shiga. Shekaru biyun farko kalkulas ne, wato wani reshen lissafi mai zurfi, da fiziks da zanen injiniya, sifana ba za ka riƙe ta sosai ba. Na ga masu hannun aiki da suka sare a nan, abin ya yi mini ciwo, don da sun daure da sun fi mu. Tsaka-tsaki ba laifi ba ne in kana zama kullum kana warware tambayoyi da hannunka.

Darasin da ya fi burge ni shi ne ilimin zafi da kuzari. A nan za ka gane me ya sa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin fetur ɗin da mota ke sha yake tafiya a zafi ta salansa da lagireto. Tun 1824 Sadi Carnot, Bafaranshe, ya nuna akwai iyakar da injin da ke aiki da zafi ba zai iya wucewa ba wajen mai da zafin ya zama aiki, komai kyan ƙirarsa. Ni yanzu a kwamfuta nake yini, ina lissafa sanyin da asibiti ko ofis yake buƙata. Ka koyi manhajojin zane a kwamfuta, AutoCAD da SolidWorks, tun kana aji ɗaya.

Tsohon ɗalibi:
Gaskiya suka faɗa, amma kada ka ɗauka takardar digiri ce za ta ba ka aiki. Wanda zai ɗauke ka zai tambaye ka me ka taɓa haɗawa, me ka taɓa aunawa. Lokacin horon sanin makamar aiki, ka nemi inda injina suke aiki da gaske, ka manne wa masu walda da masu gyara, ka girmama su. Kuma farkon aikin akwai kwanan dare da takalmin ƙarfe da hayaniya.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To kafin in samu gurbi, da me zan fara?

Injiniyan masana'anta:
Koma kan aljabra da lissafin kusurwoyi har su zauna maka, da dokokin motsi na Newton. Ka samu abin awo, ka kwance fankar nan taka, ka auna kowane ɓangare, ka zana shi ta gaba da sama da gefe tare da ma'auninsa. Sannan ka nuna wa yayanka wannan hirar, ku zauna ku yi magana.