Gasar Ironman ga wanda wasa ba sana'arsa ba: abin da kowa ya gani da idonsa

Baban Amira, Abuja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman jin ta bakin waɗanda suka taɓa shiga gasar Ironman ko rabinta alhali suna da aikin ofis da iyali, kuma ba wanda ya ɗauki nauyinsu. Tsarinta dai na san shi a takarda: iyo na kilomita 3.8, sai keke kilomita 180, sannan gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.2, duk a jere a rana ɗaya, kuma a yawancin wurare awa 17 ake ba mutum ya kammala. Gudu ba ya ba ni tsoro, domin na yi na Legas na gama lafiya, keke kuma tun ina yaro nake hawa. Damuwata ita ce ruwa, saboda sai da na girma na koyi iyo, kuma ban taɓa yin sa ba sai a wurin ninƙaya na otel, inda ake ganin ƙasan ruwan kuma bango yana kusa. Ina roƙon kowa ya faɗi inda ya fi shan wuya.

Injiniya, Kaduna

Wa'alaikumussalam Baban Amira. Ni rabin gasar na yi, wadda ake kira 70.3, wato iyo kilomita 1.9, keke kilomita 90 da gudu kilomita 21.1, kuma na yi ta ne a Rubavu da ke bakin tafkin Kivu a Ruwanda, inda aka fara shirya ta ƙasar a 2022. Tsoronka yana kan hanya. A tafki babu layin da za ka bi a ƙasa, ruwan duhu ne, kuma dole ka riƙa ɗaga kai lokaci-lokaci kana neman manyan balan-balan da aka kafa a matsayin alamar hanya, in ba haka ba ka karkace ka ƙara wa kanka nisa ba tare da ka sani ba. A mintunan farko an shure ni a fuska har tabarau ɗin iyo ya goce, ruwa ya shiga hancina, numfashina ya sarƙe. Abin da ya cece ni shi ne na juya rigingine na kwanta a kan ruwa har ƙirjina ya lafa, sannan na gyara tabarau na ci gaba. Ka koyi wannan tun yanzu, kuma ka koyi shaƙar iska ta dama da ta hagu.

Kada neman buɗaɗɗen ruwa ya kai ka dam ko kududdufi a nan gida, domin da yawansu akwai tsargiya. Ni a wurin ninƙaya na yi atisaye, ina rufe ido ina buɗewa kawai idan na ɗaga kai. Shawarata ita ce ka fara da rabin gasar.

Maman Sadik, Ingila

Yaya Baban Amira, ni ma da girmana na koyi iyo, kuma cikakkiyar gasar na shiga a garin Tenby na yankin Wales, wadda ake yi a watan Satumba. Na shafe watanni ina fargabar teku, amma ba tekun ne ya fitar da ni ba. Ruwan yana da sanyi ƙwarai, sai dai rigar roba ta iyo tana ɗumama jiki kuma tana ɗaga mutum sama, don haka na fito kafin cikar awa 2 da minti 20 da aka ƙayyade. Daga bakin ruwan ana hawa wata hanya mai lanƙwasa, a yi gudun kusan kilomita 1 ta cikin gari kafin a isa inda aka jera kekuna, jama'a cike a gefen titi suna ta ihu tun da sassafe.

Keke ne ya kayar da ni. Hanyar ba ta da shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawo, daga hawa sai gangara, kuma tudun Wiseman's Bridge da na Saundersfoot ana bin su sau biyu, na biyun a lokacin da ƙafa ta riga ta mutu. Kekuna ma suna da nasu wa'adin, wanda ake ƙirgawa tun daga shiga ruwa, saboda haka duk mintin da mai raunin iyo ya ɓata a teku daga lokacin kekensa ake cirewa. Na iso bayan an rufe, wata mata daga cikin masu aikin sa-kai ta durƙusa ta kwance na'urar ƙidayar lokaci daga idon sawuna, ta lulluɓa mini bargon leda tana ba ni haƙuri. Na yi kuka sosai a wurin, domin ina da sauran ƙarfin gudu amma doka ba ta ba ni dama ba. Ga 'yan'uwa mata masu tambaya game da sutura, rigar robar tana rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, akwai tantin sauya kaya na mata daban, kuma na hau keke da dogon wando da ɗankwalin wasanni a ƙarƙashin hular kwano ba wanda ya ce mini uffan.

Ɗan Damagaram, Faransa

Allah Ya ba da lada, Hajiya, kuma abin da kika faɗa shi ne gaskiyar lamarin. Ni a birnin Nice na yi tawa, inda ake iyo a Bahar Rum, keke ya shiga duwatsu da hawan da ya haura mita 2,000, gudu kuma a yi ta kai-komo a titin bakin teku cikin zafin rana. Na ga mutanen da suka wuce ni a kan tudu da ƙarfin tsiya, na kuma same su da yamma suna tafiya da kyar sun dafe ciki. Wanda ya ƙure ƙarfinsa a keke ba zai yi gudu ba, wanda kuma bai ci abinci a kan keke ba zai ji jiri tun kafin ya yi nisa. Masana suna cewa a ci giram 60 zuwa 90 na abinci mai ba da kuzari a kowace awa, amma cikina bai karɓi zaƙin da ake rabawa a 'yan ledoji ba sai da na haɗa da dabino da ayaba, kuma duk na gwada su a atisaye kafin ranar. Ka kuma kiyaye tazarar mita 12 tsakaninka da keken da ke gabanka, domin alƙalai suna yawo a kan babur suna hukunta mai fakewa a bayan wani don ya tare masa iska.

Batun salla, na yi asuba kafin a shiga ruwa, na haɗa azahar da la'asar a wurin sauya kaya bayan na ajiye keke, kamar yadda malamina ya yi mini bayani a matsayina na matafiyi. Agogo bai tsaya ba, amma mintunan ba su rage ni da komai ba. A watan azumi kuwa na rage nauyin atisaye, na mayar da mai tsawon bayan tarawihi.

Likita, Kano

Ni a Gqeberha ta Afirka ta Kudu na yi, garin da aka fi sani da Port Elizabeth, kuma iskarsa ta kai inda ake faɗa, har a wasu shekarun an taƙaita iyon saboda haukan teku. Na gama cikin dare, tsokar cinyata tana ɗaurewa, ina gudu daga rumfar ruwa zuwa ta gaba sannan in taka a hankali in sha romo mai gishiri. Abu biyu nake so ka ɗauka da muhimmanci, Malam. Yawancin mace-macen da ake samu a irin wannan gasa a cikin ruwa suke faruwa, sau da yawa saboda ciwon zuciyar da mutum bai san yana da shi ba, don haka ka je a auna zuciyarka da hawan jininka kafin ka biya kuɗin rajista. Sannan yawan shan ruwa zalla na tsawon awanni yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da ruɗewa, wani lokaci har suma, saboda haka ka riƙa haɗawa da abin sha mai gishiri.

Baban Amira, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da rabin gasar, zan ga likita a wannan watan, kuma zan mayar da safiyar Asabar ta hawan keke a hanyoyi masu tudu. Injiniya, yaya ka yi da kekenka a jirgi?

Injiniya, Kaduna

A akwatin keke na musamman na saka shi, bayan na cire tayoyi da feda, na kwance kan keken, na naɗe kowane ƙarfe da soso. Ka tambayi kamfanin jirgin ƙa'idarsa ta nauyi kafin ka yanki tikiti, ka riƙe hular kwano da takalman keke a jakar hannu, kuma ka isa garin da wuri yadda za ka haɗa keken ka gwada birki da giya, ka kuma shiga ruwan ka ji sanyinsa kafin ranar gasar.