Doki ɗan Arewa, ɗan Sudan ko ɗan Ajantina: wanne ya fi daɗin hawa?

Mai Kilisa:
Assalamu alaikum. Tun tasowata ɗan Arewa kaɗai nake hawa, yanzu kuma ina shirin sayen dokin da zan riƙa fita kilisa da shi, in kuma hau shi da Sallah. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar su bayyana mini ko da gaske mahayi yana jin bambanci tsakanin ɗan Arewa da ɗan Sudan da ɗan Ajantina.

Baban Barga:
Wa alaikumus salam. Bambancin yana nan, ɗana, kuma a sassarfa ake fara jin sa. Ɗan Arewa gajere ne, takunsa gajere, saboda haka yana girgiza mahayi da sauri amma ba ya ɗaga shi sama sosai, ga juriyar rana da haƙurin kiwo. Ɗan Sudan ya fi shi tsawon ƙafa, idan ya miƙe a sukuwa sai ka ji yana cin ƙasa ba tare da ya wahalar da ƙugunka ba, sai dai yawancinsu suna da zafin kai, kuma tsayar da su yana buƙatar fili da hannu mai sanin linzami. A cunkoson hawan Daushe, inda ga harbin 'yan bindiga ga tambura ga algaita, ni ɗan Arewa nake zaɓa, domin taƙamarsa ta fi dacewa da sirdin gargajiya.

Ɗan Folo:
Baba ya yi gaskiya. Game da ɗan Ajantina, jininsa gaurayen Criollo, wato dokin gargajiyar Kudancin Amurka, ne da dokin tseren Ingila, kuma don folo, wato wasan ƙwallon dawaki, aka hore shi, inda zango ɗaya minti 7 ne na gudu da juyi. Bayansa yana da faɗi, zama a kansa yana da daɗi, kuma da ka jingina ragama a wuyansa ko ka karkata jikinka zai juya. Wanda ya saba fizgar linzami zai rikita shi nan da nan. Yana kuma buƙatar kulawa da abinci fiye da namu.

Hajiya Mai Goɗiya:
Malam Mai Kilisa, kada ka dogara da jinin doki kaɗai. Sirdin da bai zauna daidai ba yana sa doki mai laushin tafiya ya riƙa ƙanƙame baya. Kafin ka biya kuɗi, ka je da naka sirdin, ka gwada dokin a tafiya da sassarfa da sukuwa, sannan ka bi da shi ta bakin kasuwa ka ga yadda yake yi da hayaniya.