Muhawara: A wanke faifai, ko a bar wa manhaja aikin?

Sani: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Wanke faifan garmaho kafin a naɗe shi a kwamfuta ɓata lokaci ne. Na naɗi faifai goma sha biyu cikin mako guda, na zuba su a Audacity, manhajar gyaran sauti, na danna Click Removal da Noise Reduction, wato masu cire ƙas-ƙas da rage ƙara, duk ƙas-ƙas ɗin ya ɓace.

Malam Habibu: Sani, ƙas-ƙas ya ɓace, to ka saurari abin da ya tafi tare da shi? Manhaja ba ta san ƙura ba, duk sautin da ya tashi farat ɗaya shi take farauta, bugun ganga kuwa haka yake tashi. Ka ƙara mata ƙarfi, sai ta dakushe maka bakin kowane bugu. Sannan idan allura ta hau ƙwayar ƙura a cikin tsagi, a wannan ɗan lokacin ba ta karanta waƙar daidai ba. Manhaja cike gurbin take yi da hasashe, daga abin da ke gaba da baya. Faifan da aka wanke da tataccen ruwa, ya bushe, aka share shi da burushi mai kashe tartsatsin lantarki, allura ainihin waƙar take karantawa.

Hajiya Rabi: Malam ya faɗi gaskiya, ni kaina ya faru. Faifan mahaifina na tace da ƙarfi don in kori wannan "shuu" ɗin, muryar mawaƙin ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Abin da ya fi min ciwo, na riga na goge naɗin farko, faifan kuma ya tsage daga baya. Yanzu a WAV nake naɗa, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, bit 24, kilohaz 96, in ajiye shi yadda ya fito. Kwafi kawai nake taɓawa.

Sani: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Amma karce fa? Ko shekara aka yi ana wanki ba zai fita ba.

Malam Habibu: Nan kam ka yi gaskiya, karce aikin manhaja ne. Sai dai ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗaɗa hoton sautin har ka ga tsinin, ka zaɓe shi kaɗai, ka danna Repair. Akwai wahala, amma sauran waƙar ba a taɓa ta ba.

Yusuf: Ni duk ban yarda da ku ba. Ƙarar nan tana cikin daɗin faifai. Wanda ke son shiru ya nemi CD.

Hajiya Rabi: Ƙanena, mawaƙin bai rera ƙura ba. Ranar da aka buga faifan babu yawancin wannan ƙarar, shekaru ne suka tara ta.

Yusuf: Duk da haka a bar min tawa, Hajiya. Da ita na san waƙoƙin.

Malam Habibu: Shi ya sa ajiye naɗin farko ya raba gardamarku, kowa ya ɗauki nasa. Gargaɗi ɗaya ga masu tsofaffin faifai masu juyi 78 a minti: yawancinsu da shalak aka yi su, wani irin ƙaro mai tauri, alkohol na narkar da shi, kada ya kusance su. Tsaginsu ya fi na LP faɗi, wato faifan dogon zango da kamfanin Columbia ya fitar a 1948, allurar LP tana nutsewa har ƙasa ta kwaso ƙara, don haka a nemi tasu allurar. Ma'aunin RIAA kuma, wato ƙa'idar daidaita sautin faifai, sai 1954 aka tsayar da shi, faifan da ya girme shi zai iya fita da sauti a karkace.

Sani: To, gobe zan wanke ɗaya in sake naɗa in kwatanta, amma ban janye ba tukuna. Malam, akwai wani gurnani da nake ji a ƙasa ko allura ba ta sauka ba.

Malam Habibu: Wannan ba daga faifai yake ba. Duba siririyar wayar ƙasa da ke bayan na'urar juya faifan, ka ɗaure ta a jikin amfilifaya kafin ka naɗi komai.