Shawarwari kan zaɓen waƙoƙin rock a faifan fim ɗin barkwanci

Na tattaro abinda aka fi nanatawa a wata hira da muka yi kan yadda ake zaɓen waƙoƙin rock na fim ɗin barkwanci da faifan waƙoƙinsa, kusan kowa ya yarda cewa kar a ce don fim na ban dariya ne dole waƙar ma ta zama ta ban dariya. Waƙar rock mai nauyi, jita na kuka ganga na dukan ƙirji, idan aka ɗora ta kan mutanen da ke shirme da gaske, nan dariyar take fitowa. Misalin da aka ta kawowa shi ne fim ɗin Wayne's World na 1992, samari a mota suna kaɗa kai da waƙar Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar mawaƙan Queen, waƙar 1975 ce fa amma saboda wannan wajen ta dawo har lamba 2 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, faifan waƙoƙin fim ɗin kuma ya hau lamba 1.

Sai maganar izini, wadda ni a ganina ita ce mai wuya. Izini biyu ake nema, na wanda ya mallaki rubutun waƙar da na kamfanin da ya mallaki rikodin ɗin, kuma izinin sakawa a fim daban na faifai daban, shi yasa wani lokaci zaka ji waƙa a fim ka duba faifan babu ita, abin da ciwo wallahi.

Wasu sun ce a haɗa tsofaffin waƙoƙi da na sabbin mawaƙa. Kan saka guntun maganganun 'yan wasa tsakanin waƙoƙi kuwa an rabu biyu, ni dai ina tare da masu cewa a rage, don in ka saurara sau uku sun gundure ka.